Mai Tsimi a Ranar Samu

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana kan bincike tukuna, ga wata tambaya da ya kamata ka zauna da ita kafin ka kwanta yau. Kai mutum ne mai tsimi. Ka san yawan damman geron da ke cikin rumbunka, ka san ranar da aka fasa shi, ka kuma san watan da zai ƙare. Rigarka ta zuwa sujada tana ninke cikin adaka, ba ka taɓa sa ta zuwa gona ba. In ka tafi kasuwar Kaura ko ta Shinkafi kakan yi ciniki har mai kaya ya gaji, ka wuce tukubar mai tsire ba ka waiwaya ba. Maƙwabta suna cewa hannunka ba ya yoyo. To, da a ce gobe da safe kuɗin da ba ka taɓa riƙe irinsa ba ya faɗo hannunka, ko gado ne, ko diyyar gonar da hanya ta ci, ko wake ne ya yi tsada a shekarar da kai kaɗai ka same shi, wannan tsimi naka zai kai kaka mai zuwa?

Na san amsar da ke bakinka. Za ka ce hali zanen dutse ne, wanda ya saba da ƙirga kwabo ba zai watsar da fam ba. Kada ka yi saurin faɗin haka. Bitrus ma ya yi saurin ba da tabbaci a kan kansa a daren da aka kama Ubangijinmu, kafin gari ya waye kuwa ya ga abin da ke cikin zuciyarsa, ya yi kuka. Mai gida ba ya sanin ƙarfin katangarsa sai marka ta doke ta.

Ka dubi akuyar da aka ɗaure a turke da damina. Ba ta shiga gonar kowa, ba ta taɓa ganyen waken maƙwabci. Wanda bai san akuya ba sai ya ce, kai, wannan dabba akwai ladabi. Amma yaro ƙarami ma ya san igiya ce ladabinta, ranar da igiyar ta tsinke za a ji ihu a gona. Tsimin mutane da yawa irin wannan ne. Talauci ne turkensu. Ba sa shan giya domin babu kuɗin giya, ba sa ƙara aure domin babu sadaki, ba sa sayen rawani mai tsada domin haraji da cefane sun riga sun cinye abin da ke aljihu. Suna tsammani su ne suka riƙe kansu, alhali kuwa riƙe su aka yi. Abin da wannan darasi yake so ka bincika ke nan: kai ne kake riƙe da kuɗinka, ko rashinsa ne yake riƙe da kai?

Abin da ƙasar nan ta riga ta gani

Kada ka zaci zancen tatsuniya ake yi maka. Samu na farat ɗaya ya sha zuwa ƙasar Hausa, kakanninka sun gan shi da idonsu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. Turawa sun sa rai auduga za a riƙa lodawa a cikinsa zuwa masaƙun Ingila, amma da kakar 1912 ta yi sai manoma suka cika tasha da gyaɗa, gama ta fi kawo kuɗi. Abin da a dā mata ke soyawa su yi ƙuli da mai, ga shi kamfanoni suna rububinsa da sulalla na azurfa. Fatake suka bazu ƙauyuka suna ba da gishiri da yadi tun kafin a cire gyaɗar, don a yi musu alkawarinta. Talakan da bai taɓa tara sule goma a wuri guda ba ya ɗaure fam a bakin zane. Sai daminar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, mutane da yawa suka mutu, waɗansu suka bar garuruwansu. Ba gyaɗa ce ta hana ruwa ba, kada a ɗora mata laifin da ba nata ba. Amma a shekarar nan kowa ya ga bambancin gidan da ya mai da ribarsa hatsi ya rufe rumbu da gidan da ya mai da ita riga da kiɗa. Riga ba ta shiga tukunya.

Irin wannan samu ya iso kusa da ku sa'ad da aka kai hanyar jirgi daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya a Kaura Namoda a 1929. Kaura ta zama matattarar gyaɗa da auduga, jakuna da raƙuma suna shigowa da kaya daga ƙauyukan da ke kewaye, kantuna suka buɗe da abin da ido bai saba gani ba. A cikin wannan shekara ɗin dai ciniki ya karye a Amurka, karyewar ta bi duniya duka, farashin gyaɗa ya zube a shekarun da suka biyo. Manomin Ɗan Isa ko na Zurmi bai san sunan birnin da abin ya faro ba, amma ya ji shi a ma'auni. Daga baya kasuwar ta farfaɗo, har aka riƙa tara buhuna a Kano kamar duwatsu, dalar gyaɗa da kowa ya ji labarinta. Ita ma fari na 1973 da ciwon da ya kama gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshenta. Ka lura da wannan: ba a taɓa yin samun da ya ba da sanarwar ranar tafiyarsa ba.

Masu albashi ma an gwada su. A zamanin Janar Yakubu Gowon, kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya kawo shawarar ƙarin albashi a 1974, aka kuwa biya ma'aikata ƙarin tare da na watannin baya a dunƙule. Malamin makaranta da ma'aikacin jirgin ƙasa da masinja suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa gani a lokaci guda ba. Tambayi dattawan da suka ga shekarar, za su gaya maka yadda aka wawashe rediyo da babur da agogo a kantuna, yadda 'yan kasuwa suka ɗaga farashin kome, har wanda bai sami ko kwabo na Udoji ba ya sayi gishiri da tsadar Udoji. Waɗansu sun sayi fili, sun yi rufin kwano, 'ya'yansu suna ciki har yanzu. Waɗansu kuwa kafin shekara ta kewayo sun koma cin bashi, bashin ma ya fi na dā girma, gama bakin da ya saba da nama ba ya komawa ga kuka da sauƙi.

Na zinariya ya fi duka ɗaci, sai a faɗe shi da tausayi. Da farashinta ya hau a kasuwannin duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa ga haƙa. Talakawa ne, abin da noma ke ba su a shekara kaɗan ne, ba wanda zai zarge su da neman abinci. Suka riƙa kawo duwatsun cikin gida ana daka su ana niƙawa a inda yara ke rarrafe, ba su sani ba akwai dalma a ciki. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya da Bagega. Yara fiye da 400 suka mutu. A can ƙasar Maraɗi akwai wata Ɗan Isa, takwarar taku, inda ramin zinariya na Garin Liman ya rufta a watan Nuwamba na 2021, mutum 18 aƙalla suka rasu. Na kawo wannan ne don ka ga wani abu guda: kuɗi mai sauri yakan canza ma'aunin mutum. Wanda a dā yake ganin kwabo da girma sai ya daina ganin girman kome, har gidansa da ransa.

Mutum biyu da samu bai kwance ba

Duk da haka akwai waɗanda aka tsinke musu igiya ba su shiga gonar kowa ba. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja, sa'an nan gyaɗa ta ɗaukaka shi har ya zama babban attajiri a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Ana ba da labari cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa azurfarsa ajiya. An kuma san shi da sauƙin ci da sauƙin sutura da ƙin ɓarna. Musulmi ne, ba mai bin hanyar da muke koya maka ba, amma mai hankali yakan ɗauki darasi inda ya same shi, kuma abin kunya ne mai bin Almasihu ya kasa abin da wani ya iya. Tsiminsa ya riga dukiyarsa zuwa, ya koye shi a kan hanya da kaya a kai, da dukiyar ta zo kuwa sai ta tarar da mai gida a gida.

Na biyun daga Ingila yake. John Wesley, mai wa'azin da ya rayu daga 1703 zuwa 1791, ya ba da labarin wani saurayi a Oxford, mutane da yawa kuwa sun ɗauka shi kansa yake nufi. Saurayin yana samun fam 30 a shekara, ya ga fam 28 sun ishe shi, sai ya ba matalauta 2. Shekara ta biyu ya sami 60, bai ƙara wa kansa kome ba, ya ba da 32. Ta uku ya sami 90, ta huɗu 120, yana nan a kan 28 ɗinsa, ya ba da 92. Ba na ce lalle sai ka yi daidai da shi ba, gama shi ba shi da mata da 'ya'ya a lokacin, farashin kaya kuma a wurinmu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da nake so ka gani shi ne ya yanke iyakar bukatarsa tun yana da kaɗan. Da mai yawa ya zo, babu sauran shawara da za a yi, an riga an gama ta.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Ka buɗe Luka sura 15 ka karanta labarin ƙaramin ɗan da ya nemi rabonsa na gado tun ubansa yana da rai. Yawancin masu wa'azi sukan yi sauri su kai ga komowarsa, da gaskiyarsu, gama a nan ne alherin Allah yake haskakawa. Amma ka dakata a farkon labarin. Wannan yaro ya girma a gidan noma, gidan da ake da barori da dabbobi da tsari. Ba mu ji an ce ya taɓa ɓarna sa'ad da yake ƙarƙashin idon ubansa ba. 'Yan kwanaki kaɗan bayan dukiya ta shiga hannunsa ya tattara ya yi nisa, gama ya san abin da yake so ya yi ba zai yiwu a gaban uba ba. Ashe natsuwarsa ta dā ta uban ce, aro ya yi. Ka kuma lura yunwa ta jira sai da kuɗin ya ƙare sa'an nan ta zo, kamar yadda Kakalaba ta biyo bayan kakar gyaɗa.

Sai ka koma baya kaɗan zuwa sura 12, inda Ubangiji ya ba da misalin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka ƙwarai. Wannan bai watsar da ko zangarniya ɗaya ba. Shawararsa ita ce ya rushe rumbunansa ya gina manya. Da a Ɗan Isa yake da an yabe shi, an ce ga mutum mai tattali. Allah kuwa ya kira shi wawa, ya karɓi ransa a daren nan. Me ya sa? Ka ƙirga sau nawa ya ambaci kansa a cikin shawarar da ya yi, ka kuma nemi inda ya ambaci Allah ko maƙwabci, ba za ka samu ba. Wannan ne rami na biyu, ya kuwa fi na farko wuyar gani, domin almubazzari kowa yana ganinsa, shi ma yakan farka ranar da aljihu ya bushe, amma marowaci yakan mutu yana tsammani shi mai kirki ne. Sau da yawa mai tsimin da samu bai mai da shi almubazzari ba yakan mai da shi marowaci. A dā yana da tiya biyu yana ba gwauruwa rabin ɗaya, yanzu yana da buhu ɗari yana jiran bazara farashi ya hau, yana kwana da kunne a ƙofar rumbu. Tsiminsa ya tsira, shi ne bai tsira ba.

Yanzu ka dubi Yusufu a Farawa sura 41. Daga kurkuku aka fito da shi, a yini guda ya zama na biyun Fir'auna, da zobe da tufafi masu daraja da karusa. Wane samu ne ya fi wannan zama na farat ɗaya? Ga shi kuma ƙasar Masar duka ta shiga shekara bakwai na ƙoshi. Yusufu ya sa aka riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar ana tarawa. Shi ma rumbuna ya gina, kamar wancan mai arziki, amma da yunwa ta zo sai ya buɗe su, al'ummai suka rayu, har da 'yan'uwan da suka sayar da shi. Abin da ya raba mutanen nan biyu shi ne Yusufu ya san hatsin ba nasa ba ne. Ya saba da riƙon amana tun yana bawa a gidan Fotifar, ya riƙe ta a kurkuku, saboda haka da aka ba shi Masar bai ga wani sabon abu ba sai amanar da ta ƙaru.

A nan ne amsar tambayarmu take. Tsimin da talauci ya haifa yakan mutu tare da talauci. Tsimin da tsoron gobe ya haifa yakan girma ya zama rowa. Wanda yakan tsaya shi ne na mutumin da ya gane shi wakili ne, dukiyar kuwa ta Ubangiji ce, zai kuma ba da lissafinta. Ka san yadda yaron attajiri yake riƙe kuɗin ubangidansa a hanya: ko jaka ɗaya aka ba shi ko ɗari, abincinsa na hanya ɗaya ne, gama yawan kuɗin bai mai da shi nasa ba. Kai ma da ka zo wurin Almasihu ka ba da kanka gare shi, domin ya fanshe ka da jininsa. In kai nasa ne, aljihunka na wa? Musa ya gargaɗi Isra'ilawa da wannan a Kubawar Shari'a sura 8, tun suna jeji ba su da kome, ya ce musu haɗarin yana gaba, sa'ad da za su ƙoshi su gina gidaje, zuciya ta ce musu ƙarfin hannunsu ne ya kawo. Bai jira sun haye Urdun ba, gama ya san mai ƙoshi ba ya jin wa'azi.

Ranar da ya zo

Bari mu ce abin ya faru, kuɗin yana hannunka. Abu na fari, kada ka yi kome. Bar shi ya kwana, ya yi mako, ya yi wata in zai yiwu, a banki ko a wani wurin da hannunka ba zai kai da sauri ba. Sabon kuɗi yana da zafi kamar tuwon da aka kwashe yanzu, mai gaggawa yakan ƙone. A cikin kwanakin nan ka ci abin da ka saba ci, ka tafi gona kamar kullum, ka yi addu'a kana ambaton adadin kuɗin a gaban Allah da bakinka. Za ka yi mamakin yadda abubuwa da yawa da ka ga tilas ne a daren farko za su zama wauta bayan kwana goma.

Ka gaya wa matarka. Na san al'ada ba ta koya mana haka ba, mazaje da yawa suna ganin asirin aljihu shi ne girman mai gida. Amma ku biyu jiki ɗaya ne a gaban Allah, ita ce kuma ta auna tsaba da tafin hannu a shekarun wuya har ta kai ku kaka. Wadda ta sha rashi tare da kai ta fi kowa cancantar zama a shawarar samu. A nan fa sai in faɗa maka magana a fili, gama ita ce ta fi kayar da sababbin masu bi: abokai za su ce maka yanzu ka isa ka ƙara aure. Za su faɗa da wasa, sa'an nan su faɗa da gaske, wata tsohuwa kuma za ta zo da sunan yarinya. Ka tuna alkawarin da ka ɗauka. Mutumin da ya sāka wa matar talaucinsa da kishiya a ranar arzikinsa ya nuna abin da ya ɗauke ta tun farko.

Sa'an nan ka fitar da na Allah tun kuɗin yana cikakke, kada ka bari sai ya zama saura. Ushirin sule goma ba ya yi wa kowa nauyi, ushirin dukiya mai yawa shi ne yakan sa hannu rawa, a nan za ka ji zuciyarka tana kawo maka hujjoji masu kyau. Bayan wannan sai bashi. Ka tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, a Luka sura 19: da Yesu ya shiga gidansa, abin da ya fara tunawa shi ne matalauta da waɗanda ya cuta. In akwai wanda ka ci wa iyakar gona, ko mai shagon da kake kauce wa hanyarsa, ko ɗan'uwan da ka riƙe wa rabon gado, kuɗinsu ne a cikin naka, ka kai musu kafin ka sayi ko hula.

Kada ka ji an ce tsimi ka zaci ana hana ka gyara zamanka. In ɗaki yana yoyo ka rufe shi. In yaro yana ciwo ka kai shi asibiti, in an kore shi daga makaranta don kuɗi ka mai da shi. Ka cika rumbu, ka sayi taki da kaka tun yana da araha, ka sayi shanun noma ko tumakin da za su haihu. Ka saya wa matarka zane, ku ci nama ku gode wa Allah, ba zunubi a ciki. Abin da za ka yi tsaro da shi shi ne kashe kuɗin da yakan jawo wani kashe kuɗin a bayansa har abada. Babur yana shan mai kowace rana ko akwai samu ko babu. Babban zaure yana kiran baƙi, baƙi suna kiran tuwo. In maroƙi ya wasa ka sau ɗaya ka yi masa kyautar girma, ya riga ya yanka maka haraji, duk inda ya gan ka sai ka biya ko ka ji zambo. Kafin ka sayi abu ka tambayi kanka ko za ka iya ciyar da shi a shekarar da gero bai yi ba.

'Yan'uwa za su zo, har da waɗanda ba ka taɓa jin sunansu ba. Wannan yana da wuya, ba kuwa zan ce maka ka rufe ƙofa ba, gama mai bi da ya ƙi danginsa ya ɓata sunan Ubangijinsa, balle kai da waɗansu suke cewa ka bar su tun da ka karɓi wannan hanya. Yanzu ne za su ga ko gaskiya ne. Amma ku zauna da matarka ku ware abin da za a ba dangi, ku san iyakarsa. Ku fara da tsofaffi da gwauraye da marayu, waɗanda ba su iya zuwa su yi maka daɗin baki. Buhun dawa ga gwauruwa ya fi kuɗin hannu ga saurayi mai ƙarfi, tunkiya ga ƙanenka ta fi kuɗin da zai ƙare a teburin mai shayi. In abin da aka ware ya ƙare ka ce ya ƙare, da fara'a, ba tare da ƙarya ba.

Za kuma a zo maka da hanyoyin da kuɗi ke haihuwa ba aiki. A 2016 mutane da yawa a Nijeriya, har da masu zuwa sujada, suka zuba abin da suka tara a wani tsari da ake kira MMM, wanda ya yi alkawarin riba mai yawa a wata guda, a watan Disamba na shekarar kuwa aka rufe asusun mutane. Sunan yakan canza, tarkon ɗaya ne. Wanda ya sami kuɗi farat ɗaya shi ne ya fi saurin faɗawa, domin ya riga ya ɗanɗana samu ba gumi, yana so ya maimaita. Ka kuma san halin da ƙasar Zurmi da Shinkafi da Kaura ta shiga a shekarun nan na masu satar mutane don fansa. Mai shelar arzikinsa a kasuwa bai san kunnen da ke saurare ba, yana jawo wa kansa da iyalinsa abin da ba ya so. Yin shiru a nan hikima ce da tawali'u a haɗe.

Wataƙila ka ce duk wannan bai shafe ka ba, gama ba ka da gadon da kake jira, ba ka kuwa haƙar zinariya. To, ka tuna da ƙaramin samu na ƙarshe da ya zo maka ba zato. Wani ya biya ka bashin da ka fid da rai, ko tunkiya ta haifi biyu, ko ɗanka da ya tafi cin rani ya aiko da abin da ya fi na kullum. Ina kuɗin ya tafi? Matarka ta ji labarinsa? An fitar da na Allah a ciki? Ya kwana nawa a hannunka? In ba ka iya tunawa ba, ka riga ka ga yadda babban zai tafi, sai dai shi zai fi ƙara.

Saboda haka a wannan mako ku zauna kai da matarka bayan yara sun yi barci. Ku ƙirga damman da gidanku ke ci daga kaka zuwa kaka, da kuɗin cefane da sutura da makaranta da magani, ku ƙara abin da ya dace don shekarar da ruwa zai yi gardama. Ku rubuta shi a takarda, ko ku sa wani amintacce cikin dattawan ikilisiya ya rubuta muku in ba ku iya ba. A ƙarƙashinsa ku rubuta sunayen waɗanda kuke bin hakkinsu a wuyanku, da na waɗanda za ku fara tunawa in Allah ya buɗa. Ku yi addu'a a kan takardar, ku sa ta cikin Littafinku a Luka sura 12.